Yadda ake zaɓen maka mai sifirit don yin kala da aikin hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ɗaya ce ake ta maimaita min tun da na fara koya wa 'yan mata zanen ɗinki a gida, wacce maka zan saya Anti? Masu koyon tela suna yi, masu haɗa katin biki da na suna suna yi, har wata maƙwabciyata da ɗanta ke karatun zanen gine-gine ta zo da wannan tambayar. Kuma kusan kowa idonsa na kan abu ɗaya, wato baƙar jakar nan mai zif da aka rubuta kala 80 ko 168 a jikinta. Toh ni dai abin da zan fara faɗa miki shi ne yawan kala ba shi ne aiki ba wallahi, maka goma sha biyar da kika zaɓa da idonki, suka dace da juna kuma suka dace da takardarki, sun fi miki jaka guda da rabinta ba zaki taɓa buɗewa ba. Zan yi magana da mata saboda su suka fi tambayata, amma maza ma duk ɗaya ne.

Bari in fara da mene ne ita kanta makar. Tawadar cikinta rini ne da aka narkar a sifirit, ba a ruwa ba. Shi ya sa tana bushewa nan da nan, bata jiƙa takarda ta saɓule ta ko ta yi ƙudundune kamar yadda kalar yara ke yi in an maimaita wuri ɗaya, kuma in kika ɗora wata kala a kan wadda bata gama bushewa ba sai su narke cikin juna su saje ba tare da layi-layi ba. Wannan sajewar ita ake saya da tsada. Sannan tawadar garai-garai take, ana hango abin da ke ƙarƙashinta, don haka babu farar maka a cikinsu, kuma a kan baƙar takarda ko ja mai duhu ba zaki ga komai ba. Ki riƙe wannan tun yanzu don kada ki saya da niyyar rubutu a baƙin kwali.

Akwai wadda ta taɓa ce min, Anti naga an rubuta alcohol a jiki, ba giya bace? Tambaya ce mai kyau kuma bana wasa da ita. Sinadarin irin wanda ke cikin sifirit ɗin asibiti ne da turaren fesawa, ba abin sha bane, aikinsa ya ɗauko rinin ya kai takarda sannan ya bi iska cikin daƙiƙu. Malamai sun daɗe suna magana a kan turare mai sifirit, in zuciyarki bata natsu ba ki tambayi malaminki, in kuma kin fi son kaucewa gaba ɗaya akwai maka mai ruwa da kalar fensir, su ma ana aiki mai kyau da su.

Mataki na farko baya buƙatar ko sisi. Ki zauna ki rubuta abubuwa biyar da kike son yi wa kala a watan nan. Ba a shekara ba, a watan nan. In zanen ɗinki ne, kina buƙatar kalar fata, ruwan toka don inuwar ninkin yadi, da kalolin yadin da kika fi ɗinkawa. In katin biki ne ko na barka da Sallah, fulawoyi zaki fi yi, wato ruwan hoda da ja da kore kala-kala da ɗan ruwan goro. Mai zanen gida da ɗaki shi ruwan toka da ruwan ƙasa da kore sune abincinsa. Mai littafin yin kala don hutawa ita ce kaɗai jaka babba ke wa amfani sosai. In kuma don ƙaramin yaro ne ɗan firamare, dan Allah ki bar wannan ki saya masa mai ruwa, don ta sifirit tana ratsa littafi ta ɓata shafi biyu uku na ƙasa, bata fita a yunifom da sauƙi, kuma in ya bar murfi a buɗe ta tafi kenan.

Na biyu, ki san bambancinta da sauran da ake jerawa tare a shago, don masu shago da yawa duk maka suke ce musu. Akwai makar allon makaranta wadda ake gogewa, ba ita bace. Akwai wadda ake rubutu a buhu da kwali, ita ma da sifirit take amma kalolinta kaɗan ne kuma duk masu duhu, bata sajewa. Akwai mai fenti irin su Posca, wadda ake girgizawa ana jin ƙarar ɗan ƙwallo a ciki, ita tana rufe abin da ke ƙasa ruf, tana fita a baƙin kwali da dutse da katako, aikinta daban. Wadda muke nema yawanci baki biyu gare ta, ɗaya kowane gefe, akwai lamba a kan murfin, kuma in kin buɗe zaki ji ƙanshin sifirit sama-sama. In warin ya buge ki kamar na fenti ko fetur har ya hau miki kai, ki ajiye, wataƙila wani sinadarin ne daban kuma ba zaki iya zama da shi a ɗaki awa biyu ba.

Yanzu maganar baki, kuma anan nake so ki nutsu don shi ke raba mai jin daɗin aiki da mai shan wahala. Iri uku ne. Akwai mai faɗi wanda aka yanke a karkace kamar bakin cizal, na cike wuri babba ne, bango, sararin sama, faffaɗan siket. Akwai mai tsini mai tauri kamar fensir, na ƙananan wurare da rubutu. Sai mai buroshi, mai laushi yana lanƙwasa, in kin danna ya yi kauri in kin ɗaga ya sirance. Jakunkuna masu araha kusan duk mai faɗi ne da mai tsini, babu buroshi, kuma mutane basa lura sai sun kai gida. Da mai tsini ma ana sajewa amma sai kin yi ta zagaye-zagaye kina jiƙa wurin, hannu ya gaji tawada ta ƙare. Da buroshi kuwa jan hannu ɗaya kike yi kina ɗagawa a ƙarshe, kalar ta tafi tana raguwa da kanta, shi ya sa ninkin mayafi da ganyen fulawa da kumatun fuska suke fita da kyau da shi. Ni a ganina in har zanen mutum ko yadi ko fulawa zaki yi, ki ƙara kuɗi ki ɗau mai buroshi ko da kalolin sun ragu. In kuma zane ne mai kusurwa da layi madaidaici, irin zayyanar allo ko dagin Arewa ko adon bangon gidajenmu na cikin birni, mai tsini ya ma fi, don baya kauce wa layi.

Amma fa buroshi ma suna suka tara. Na banza bakinsa yana tarwatsewa kamar tsohon asuwaki bayan sati biyu. Ki danna shi a hankali a takarda ki ɗaga, mai kyau zai koma tsininsa nan take.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, zaɓen kala. Ƙa'idata ita ce uku-uku. Duk kalar da kike so ki sayo ta gida uku, mai haske, matsakaiciya, da wadda ta ciza, kuma su zama 'yan gida ɗaya. Shuɗi ɗaya tak ba zai ba ki riga mai rai ba, zai fito a shimfiɗe kamar an liƙa takarda. Amma shuɗi uku zasu nuna miki inda haske ya sauka, inda yadin ya ninke, da inda inuwar hannu ta faɗa. In kin taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata kin ga yadda ake tsoma ƙyalle a fito da shi ya sha iska a sake tsomawa, kowane tsomi yana ƙara cizawa, toh haka makar nan take, in kin maimaita kala ɗaya sau biyu sau uku tana ƙara duhu, don haka uku ɗin nan a hannun wadda ta saba sun zama shida.

Lambobin kan murfi su zasu taimake ki. A Copic misali, wato wata sananniyar maka ta Japan, harafin farko gidan kalar ne, B shuɗi, R ja, Y rawaya, G kore, E ruwan ƙasa, in harafi biyu ne kamar YR ko BG to tsakanin gida biyun take. Lambar farko tana nuna tsabtar kalar, ƙarama tana da kaifi, babba ta ɗan dusashe ta yi toka-toka. Lambar ƙarshe kuma haske ko duhu, ƙarama mai haske, babba mai duhu. Kinga in kika ɗau B21 da B24 da B28 kin samu 'yan ɗaki ɗaya, harafi ɗaya, lambar farko ɗaya, ta ƙarshe ce ke hawa. Tazarar biyu zuwa huɗu a lambar ƙarshe ita ta fi sajewa ga mai koyo. Sauran kamfanoni kowa da tsarinsa, wasu ma lambobin jere ne kawai basa nuna komai, lamba 63 da 64 ba lallai su zama 'yan uwa ba, a irin waɗannan idonki da gwaji a takarda kawai zasu fishshe ki.

Kuma abin da ya fi ƙaranci a jaka mai araha shi ne kala mai haske. Zaki ga ja shida duk sun ciza, kore takwas duk masu duhu, amma ruwa-ruwan da zaki fara shimfiɗawa babu. Alhali masu hasken su suka fi ƙarewa a aiki. In kina duba saiti ki ƙirga masu haske tukuna kafin ki ƙirga jimla.

Sai kalar fata, wadda ita ce ta fi ci min rai a wannan harka. Yawancin saitin da aka rubuta na kalar fata ne, in kin buɗe fatar Turawa da 'yan Asiya aka nufa, ruwan hoda-hoda da fari-fari sun cika shi, ruwan ƙasa biyu ko uku ne a ƙarshe. Mu kuwa amaryarmu ko baƙa ce ko wankan tarwaɗa ko fara irin tamu, kuma duk cikinsu babu wadda ruwan hoda zai fitar. Ina ganin zanen yara masu hazaƙa, rigar ta yi kyau ɗaurin ɗankwali ya zauna, amma fuskar ba tamu ba, don kawai abin da ke jakar kenan. Ki nemi ruwan ƙasa aƙalla huɗu da kanki, ɗaya mai haske mai ɗan rawaya kamar ruwan zuma, ɗaya matsakaici mai ɗan ja, ɗaya ruwan makuba, ɗaya mai duhu sosai na ƙarƙashin haɓa da gefen wuya. A lambobin Copic irin su E35 da E37 da E57 da E59 suna yi min aiki. Kada ki yi inuwar fata da baƙi, yana kashe fuska, in kina son inuwa mai zurfi ki ɗora shunayya mara kaifi ko ruwan toka a kan ruwan ƙasan.

Ruwan toka kuma kada ki raina shi. Akwai mai sanyi wanda ya karkata ga shuɗi, akwai mai ɗumi wanda ya karkata ga ƙasa-ƙasa. Copic suna sa C wa mai sanyi da W wa mai ɗumi, saitin da yawa suna sa CG da WG. Uku daga gida ɗaya sun isa farawa. Da su ake yin farar shadda ta fito fara, don farin takardar ne hasken, tokar ce ninkin.

Akwai kuma wadda ba kala a cikinta, lambarta 0, sifirit ne zalla. Mutane suna ɗauka ita ke haɗa kala biyu, a'a, tura tawada take tana koɗar da wurin. Amfaninta in kin tsallake layi ki tura kalar ta koma ciki, ko ki ɗiga ta a kan kala ki samu ɗigo-ɗigo masu haske kamar adon atamfa ko leshi. Ɗaya ta isa. Ki haɗa da farin biro mai jel don ƙyallin ido da duwatsun jikin leshi.

Toh sai kamfani da aljihu. Copic 'yan Japan ne, sun fito tun 1987, kuma har yau su ake auna saura da su. Suna da iri-iri, Sketch ɗinsu kala 358 ne, Classic 214, Ciao 180. Ciao ita ce mai sauƙin kuɗi a gidan, bakinta iri ɗaya da na Sketch, tawadar ma ɗaya ce, cikinta ne ƙarami. Abin da ya sa ake jure tsadarsu shi ne ana ɗura musu tawada kuma ana canza baki, jikin maka ɗaya zai yi shekaru. Amma gaskiya a nan Kano samun tawadar ɗurin ba abu ne mai sauƙi ba, sai an yi oda ko an ba mai tafiya saƙo, kuma da yake abu ne mai kama wuta ba kowane mai jigila ke yarda ya sa shi a jirgi ba. Ga dala yadda take. Don haka bana ce wa mai koyo ta fara da su.

A tsakiya akwai Ohuhu, saitinsu mai suna Honolulu shi ne mai buroshi da mai faɗi, Oahu kuma mai tsini da mai faɗi, ki karanta sunan da kyau kafin ki biya don hotunan suna kama. Akwai Touch na kamfanin ShinHan daga Koriya ta Kudu, akwai Promarker na Winsor & Newton daga Ingila. Sannan a ƙasa akwai baƙaƙen jakunkunan nan irin su TouchFive da TouchNew, waɗanda sunan ya yi kama da na ShinHan amma ba kamfani ɗaya bane. Ban ce kada a saye su ba, da irinsu mutane da yawa suka koyi riƙe hannu, kuma mai koyo tana buƙatar abin da ba zata ji tsoron ɓarnatarwa ba. Shawarata dai in kuɗinki kaɗan ne ki ɗau ƙaramin saiti mai araha, 24 ko 36 ko 40, sannan ragowar kuɗin ki sayi ɗai-ɗai masu kyau a inda aikinki ya fi nauyi, wato kalar fata da ruwan toka. Tawadar kamfani daban-daban tana sajewa da juna tunda duk sifirit ne, ba dole sai gida ɗaya ba.

Kafin ki ce maka bata da kyau ki duba takardarki, don rabin ƙorafin da nake ji laifin takarda ne. Takardar fotokofi mai giram 70 ko 80 tana yi don gwaji amma tana naso, kalar ta tsallake layi ta kuma fito ta baya. Takardar fentin ruwa mai kaushi ita kuma shanye tawada take kamar yashi, maka sabuwa sai ta ƙare miki a zane kaɗan, ga cinye bakin buroshi. Kati mai sheƙi irin na kalanda tawadar bata shiga, tana zama a sama ta yi dabbare-dabbare. Abin nema shi ne fari, mai santsi, mara sheƙi, mai kauri kamar giram 200 zuwa 250, irin kwalin Bristol, ko kuma takardar da aka yi musamman don maka wadda siririya ce amma an shafe bayanta bata ratsawa. Dabarar da nake yi, ina zuwa wurin masu buga katin biki in ce Malam dan Allah a taimaka min da guntattakin da aka yanke, in gwada iri uku huɗu a gida, wanda ya yi sai in koma in sayi babba a yanka min. Kuma ko wacce iri ce ki sa wata takarda a ƙasa don kada ki ɓata tebur ko ledar ɗaki.

Abin zana layi ma haka. Biron makaranta sifirit na narkar da tawadarsa, kina ɗora rawaya sai ki ga shuɗi ya biyo ta ya ɓata zanen ya ɓata bakin makar. Makar buhu ma haka zata yi. Ki nemi siririn alƙalami irin Pigma Micron ko Uni Pin, ki bar shi ya bushe sosai kafin kala. Fensir in ya yi yawa yana dattin bakin masu haske, kuma duk layin fensir da maka ta hau kansa ya zauna kenan kilina ba zata fitar ba, don haka ki goge ya rage kaɗan tukun. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo, ki yi zanenki ki kai a yi miki fotokofi guda biyar a kan kati, tawadar injin fotokofi bata cika narkewa ba, kinga kina da damar gwada kala biyar a riga ɗaya ba tare da fargaba ba. Masu ɗinki wannan yana burge kwastoma sosai, ki nuna mata ɗinki ɗaya a kala uku ta zaɓa kafin a shiga Kwari yanko yadi.

Ranar saye ki tafi da guntun takardarki a jaka. Ko Sabon Gari kika shiga wurin masu kayan rubutu ko wani shago a cikin gari, ki yi sallama ki ce Alhaji zan iya gwadawa? Mai kaya mai kyau baya hanawa. Ki fara da masu haske, ki gwada baki biyun duka, ki cike ɗan murabba'i kamar girman akwatin ashana. In ya cika sumul to da ranta, in ya yi fari-fari yana ƙara kamar ana karce to ta fara bushewa. Ki rufe murfin ki ji ya yi ƙas, murfi mai sako-sako a garin nan hukuncin kisa ne ga maka. Ki duba ko akwai tawada da ta zubo cikin murfin, ki kuma tambaya ko ana sayar da ɗai-ɗai don ranar da ɗaya ta ƙare. Na taɓa sayen jaka a wani shago ban buɗe ba saboda an ce a liƙe take, na zo gida na tarar da guda tara a bushe, da alama ta daɗe a jikin gilas rana na dukanta, kuma da na koma aka ce kaya ya fita ya fita. Tun daga nan ko a liƙe take sai an buɗe a gabana, kuma bana ɗaukar wadda aka jera a bakin ƙofa, ta cikin kwali nake cewa a ɗauko.

In oda zaki yi ta intanet, kada ki yarda da hoton mai kaya, ki nemi hotunan da masu saye suka ɗora, ki tabbatar da irin bakin, ki fara da ƙaramin saiti, kuma ranar da kayan ya iso ki gwada duka kafin lokacin mayarwa ya wuce.

Kin kawo gida, kada ki fara zane tukuna. Ki ɗau katin da zaki dinga aiki da shi ki ja ƙananan akwatuna, kowace maka ki shafa sau ɗaya a rabi, sau biyu a ɗaya rabin, ki rubuta lambarta a ƙasa. Kalar murfi ƙarya take yi sau da yawa, murfi ya nuna ruwan hoda mai sanyi tawada ta fito jajir. Ki jira ya bushe don kalar na ɗan yin haske bayan bushewa. Wannan katin shi zaki dinga kallo ba murfi ba, kuma da shi zaki je kasuwa nan gaba don kada ki sayo abin da kike da shi. Daga nan ki jera su uku-uku ki ɗaure kowane gida da kyauro.

Gwajin sajewa kuma ga yadda nake koyarwa. Ki shimfiɗa mai haske a duk wurin, tun bata bushe ba ki sa mai duhu a gefen inuwa, ki sa matsakaiciya a inda suka haɗu, sannan ki dawo da mai haske ki bi kan iyakar har layin ya ɓace. Sauri ake so. A hunturu iska a bushe take, tawada na bushewa kafin ki ɗauko ta biyu, don haka ki cire murafen ukun ki riƙe su a hannu, ki yi wuri kaɗan-kaɗan, hannun riga daban, gaba daban, kuma ki rage fanka ko ki juya mata baya. Da damina zaki ga aikin ya fi sauƙi. Amma taga a buɗe dai ko yaushe, kuma nesa da risho da gas da kaskon turaren wuta, sifirit ne.

Masu aikin hannu, makar nan tana hawa tayil da gilas da roba da ƙarfe da farin dutsen ado, har fararen fulawoyin roba da ribon ana rina su da ita su dace da kalar kayan lefe ko ankon biki. A kan abu mai santsi in kin yi kuskure auduga da sifirit na gogewa, wanda kuma ke nufin turare ko sanitaiza in ya taɓa zai ɓata, sai an rufe da banish mai ruwa, a fesa ko a shafa sama-sama, kuma ki gwada a gefe tukuna don wani banish ɗin narkar da kalar yake. Kada ki sa a cikin kofi ko faranti inda abinci ko baki zai taɓa. A yadi tana naso kuma wanki na cin ta. Sannan babban rauninta, rini ne, rana na koɗar da shi, mai tsada da mai araha duka. Zanen da kika sa a firam kika rataye inda rana ke shigowa zai dusashe, ruwan hoda da shunayya su ke fara tafiya. In aiki ne na sayarwa ko na ajiye tarihi ki yi masa sikanin ko ki ɗau hoto mai kyau a buga, asalin ki adana a fayil.

Ajiya a Kano sai an kula, zafin Afrilu yana haura 40, kada ki bar su a mota ko bakin taga ko saman firij. Ki kwantar da su a kwance don tawada ta kai baki biyun daidai, a durowa ko cikin kwaba inda ba rana. Bayan aiki ki bi su ɗaya-ɗaya ki danna murfi. In bakin mai haske ya ɗau dattin wata kala ki goga shi a farar takarda har ya washe. In kuma ɗaya ta fara bushewa alhali kin san bata yi aiki da yawa ba, sifirit ɗin ne ya gudu rinin na nan, ki zare baki mai faɗin a hankali da ɗan hantsaki, ki ɗiga sifirit fari na kemis ɗigo biyar zuwa goma a ciki, banda mai kala kuma banda sanitaiza mai kauri, ki mayar da bakin ki rufe ki kwantar da ita ta kwana. Da safe ki gwada a gefen katin lambobinki, zata ɗan fi da haske, sai ki shafa sabon akwati kusa da tsohon ki rubuta kwanan wata.